Rubutun Cikin Murfi

Shafi na 17

Masu cika mini waya da "ina ci gaba, ina ci gaba", ku sassauta mini, ni ma ina da wanki da shara. Ke kuma da kika rubuto cewa in wani abu ya sami Mai Murya kin daina bina, ni dai ban yi miki alkawari ba.

Wanda ya shigo yau, ga inda muke. Kafinta sana'arsa yin akwatin gawa. Matarsa, wadda duk coci ke kira Mai Murya saboda waƙa, tana kwance, likita ya ce su koma gida. Ta roƙe shi ya yi mata nata akwatin da hannunsa, ya rubuta mata aya a cikin murfi, yadda tsohon maigidansa Baba ya koya masa yi wa kowace gawa. Akwati ya kammala, aya ta gagara. Yau da safe kuma aka kira shi tsohuwar maƙabarta, inda ake kwashe kaburbura za a faɗaɗa titi.

Mu je ɗakin Baba.

*

Kafinta bai yi sallama ba. Shekara ashirin da shida yana shiga ɗakin nan, bai taɓa shiga haka ba sai yau. Da kafaɗa ya tura ƙofa, don hannuwansa biyu suna rungume da wani faffaɗan katako naɗe cikin buhu.

Rana ta take a waje, amma ɗakin duhu ne. Tun da idon Baba ya tafi ya daina buɗe taga, wai me zai yi da haske. Yana zaune a bakin gado, ya sa rigarsa ta zuwa coci har da maɓallin wuya, alhali ranar Talata ce. Fuskarsa tana kallon ƙofa.

"Ka makara," in ji Baba.

"Wa ya ce maka zan zo?"

"Tun ranar da na ji motocin nan sun fara aiki a maƙabarta nake sa riga kullum. Yau kwana tara. Kawo shi nan kusa da ni. Kada ka jingina shi da bango, bangon yana da damshi."

Tsikar jikin Kafinta ta tashi. Bai ce katako ya kawo ba. Bai ce komai ba ma. Ya kwance buhun, warin tsohuwar ƙasa ya cika ɗakin, irin warin da in ya shiga hancinka kwana uku kana jinsa a ruwan sha.

Baba ya miƙa hannu ya lalubi gefen katakon. Ya ƙwanƙwasa shi sau biyu da ƙashin yatsa, ya karkata kunne.

"Aikina ne," ya ce. "Na 'yata Auta ne."

"Nata ne."

"Na yayyenta fa?"

"Sun zama ƙasa, su da akwatunan. Na tattara abin da ya rage da hannuna, ban bar kowa ya taɓa ba. Nata kuwa, da yake ka gina ramin da bulo ka shafe katakon da kwalta, murfin ya fito kamar jiya aka rufe."

"Sai ka juya shi."

"Sai na juya shi." Kafinta ya matso kusa da gadon. "Baba, wata uku ina neman aya. Na buɗe Littafi har takardun sun yi laushi. Kullum ta tambaye ni, ka samu? In ce saura kaɗan. Da na ga murfin nan sai na ce Allah ya kawo sauƙi. Ayar da Baba ya zaɓa wa Auta, ita zan rubuta wa matata. Na goge ƙasar da babban yatsa ina murna."

"Karanta mini."

"Ka san abin da ka rubuta."

"Na sani. Ina so in ji shi a bakin wani."

Kafinta ya kai katakon inda hasken ƙofa ke faɗowa. Fensirin kafinta in ya kama katako ba ya sakewa, ku tambayi duk mai sana'ar. Rubutun yana nan baƙi ƙirin, manyan haruffan Baba da ya saba gani a jikin kowane awo.

"Ka ɗauke uku. Daga yau ba ni ba Kai."

Kafinta ya mayar da katakon gaban Baba.

"Haka ne," in ji Baba. "Ba ka rage ko harafi ba."

Wallahi da ya musanta da ya fi wa Kafinta sauƙi. Da ya ce wani ne ya rubuta, ko ya ce ya manta, ko ya fashe da kuka. Amma tsohon nan ya zauna kamar wanda aka karanta wa awon taga.

"Abin da za ka ce ke nan?"

"Me kake so in ce, ɗana?"

"Kada ka ce mini ɗanka yau."

"To me zan ce maka? Kafinta? Ni na sa maka sunan."

"Kai ka tsince ni a bakin titi ina warin giya. Kai ka koya mini riƙon zarto. Kai ka tsaya a bayana ranar da aka yi mini baftisma. Kai ka ce kada in kuskura in buga ƙusa a murfi ban yi addu'a ba. Fasto nawa aka yi a cocin nan? Kowanne in zai yi wa'azin jimiri sai ya nuna ka da yatsa. Ga Baba nan, ya binne 'ya'ya uku da hannunsa, ya binne uwarsu, ido ya tafi, bai taɓa cewa uffan ba."

"Wa ya ce ban ce uffan ba?"

"Kowa."

"To kowa ne ya ce. Ni ba wanda ya tambaye ni."

Kafinta ya zauna a ƙasa. Ya jingina da ƙafar gadon, ya ba tsohon baya.

"Ka san da me nake tsaye wata ukun nan?" ya ce. "Ba da addu'a ba. Addu'a ta daɗe da bushewa a bakina. In ta ce maigida yi mini addu'a, sai in kama hannunta in rufe ido in dinga motsa leɓe, ba abin da nake faɗa. Da kai nake tsaye. In na ji zan faɗi sai in ce Baba ya binne uku. Kai uku, ni ɗaya, wane ni in yi ƙorafi. Ashe jingina na yi da bangon da gara ta cinye."

"Gara ta ci, amma bango bai faɗi ba."

"Kada ka yi mini wa'azi."

"Ban iya ba. Ka taɓa ganina a kan mumbari?"

"To me ya kai ka coci bayan wannan? In ba kai ba Shi, me ka je yi?"

"Ƙafa ce ta kai ni."

"Baba, ba wasa na zo yi ba."

"Ni ma ba wasa nake ba. Ranar Asabar muka rufe ta. Lahadi da safe na farga har na ɗaura takalmi. Na ce to, tun da an ɗaura, bari in je in zauna a layin gaba, Ya ga fuskar mutumin da Ya yi wa haka. Faɗa na je yi. Na zauna na harari gicciyen nan tun daga waƙar farko har aka sa albarka. Mako ya zagayo na koma. Mutane suna ta cewa kai, dubi bangaskiyar bawan Allah nan. Ni kuwa cikina kamar garwashi."

"Har yaushe?"

"Shekara bakwai ban yi waƙa ba. Leɓe nake motsawa, irin naka. Kai ma a cikin shekarun nan ka zo hannuna."

Kafinta ya juyo. "Da wane baki ka koya mini bin Yesu, kai da kake gaba da Shi?"

"Da wannan bakin. Hanyar da nake kai na nuna maka. Ban ce maka ba na ɗingishi a kanta ba."

"Ayoyin da ka ci gaba da rubuta wa mutane fa?"

"Nasu ne. Faɗana da Shi bai shafi 'ya'yan mutane ba."

"Bayan shekara bakwai ɗin sai me?"

"Sai ba komai. Kana jira in ce na ga haske? Ban gani ba. Ban ji murya ba, ban yi mafarki ba. Wata Lahadi dai ina zaune ina hararar da na saba, sai na tambayi kaina, wai kai wawan ina ne? Wanda ka rabu da shi da gaske ai ba ka wanka ka sa riga ka je gidansa duk mako. Kuma na tuna wanda ke kan gicciyen nan Shi ma ya ɗaga murya ya tambayi Ubansa dalili, bai kuwa sauko ba. Ranar na yi waƙa. Muryata kamar ta tsohon ƙyaure, amma na yi."

"Shi ke nan ka janye maganar."

Nan ne fuskar Baba ta canza.

"Yaya zan janye abin da ke ƙarƙashin ƙasa? Na roƙi gafara har ban san iyaka ba, na kuma yarda an yafe mini. Shi ba ya riƙo. Abin da ke cina daban ne. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Yarinyar nan ita ta ce in yi mata akwati tun tana da rai, kamar taka. Ta ce Baba ka zaɓo mini mai daɗi. Ta mutu tana zaton aya na rubuta mata. Na ɗauki wannan maganar na kifa a kan fuskarta, na buga ƙusa takwas. Shekara talatin da ɗaya, ɗana. Kullum in na kwanta sai in ga idonta a buɗe tana karantawa."

Wannan karon Kafinta bai hana shi cewa ɗana ba. Tausayi ya kama shi, kunya kuma ta biyo baya, don shi ma bai zo da hannu mai tsabta ba. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

"Baba."

"Na'am."

"Daga maƙabarta ba nan na fara zuwa ba."

"Ina ka je?"

"Gida. Ban shiga wurinta ba. Na zagaya ta tsakar gida na buɗe shago. Murfinta yana kan teburin aiki, na goge shi ya yi sumul, wata uku yana jirana. Na ce in Baba ya rubuta nasa, ni wane ne."

"Me ka rubuta?"

"Na gaji. Na saki hannunka."

Baba ya ja dogon numfashi. Bai yi faɗa ba, bai ce kash ba.

"Ashe har wannan na koya maka," ya ce.

"Na jingina shi da bango, rubutun yana kallon bango. Na sa kwaɗo. Ga makullin a aljihuna."

"Ni ma haka na yi. Nawa a wuya na rataya shi."

Yatsun Baba suna ta yawo a kan katakon, yadda makaho ke shafa fuskar jikansa. Ya bi ramin haruffansa ɗaya bayan ɗaya, don ranar da ya rubuta su ya danna fensir har ya shiga cikin katako. Ya kai ƙarshen layi. Yatsun suka gangara ƙasa, inda busasshiyar ƙasa ta manne tun daga tsakiyar murfin, wurin da Kafinta bai goge ba.

Suka tsaya.

Ya kankare ƙasar da farce. Ya sake shafawa.

"Layi nawa ka karanta mini?"

"Ɗaya."

"Layi nawa ne a jiki?"

"Ɗaya ne, Baba."

"To wannan na ƙasa fa?"

"Tsagewar katako ce."

"Shekara hamsin ina shafa katako, kai za ka gaya mini tsagewa? Akwai ruwa a butar can bayan ƙofa. Ɗauki tsumma. A hankali, kada ka dirje."

Kafinta ya jiƙa bakin buhun. Ya goga sau ɗaya, ƙasar ta zama taɓo. Ya goga na biyu. A na uku sai ga baƙi-baƙi yana fitowa, sirara, ƙanana, ba irin na Baba ba ko kusa. Ya ji bayan wuyansa ya yi sanyi kamar an hura masa iska, ya waiwaya, ba kowa sai ƙofa a buɗe da rana a tsakar gida.

"Na ji ka yi shiru," in ji Baba.

"Rubutu ne."

"Haruffan sun kwanta baya?"

"Sun kwanta."

"Bahaguwa ce. Malamanta sun yi dukan duniya ta ƙi canza hannu." Muryar tsohon ta koma kamar ta wanda ke magana daga cikin rijiya. "Karanta."

"Baba, ko mu bari fasto ya zo."

"Ɗana, karanta mini wasiƙata."

Kafinta ya durƙusa. Layi biyu ne, na biyun ya gangara kamar hannun ya gaji a hanya.

"Baba, na gani. Na ce Masa Ya yi haƙuri da kai. Ya ce zai jira."

Ban san yadda zan kwatanta muku sautin da ya fito daga ƙirjin tsohon nan ba. Ba kuka ba ne, ba dariya ba. Ya kifa goshinsa a kan murfin, kafaɗunsa suna rawa, taɓon yana ɓata masa rigar coci. Kafinta bai taɓa shi ba. Akwai lokacin da ba a taɓa mutum.

Da ya ɗago, abin da ya fara faɗa shi ne, "Ta sani ke nan. Ranar da za ta tafi ta kama gemuna tana murmushi, ta ce Baba kai dai akwai rigima. Na zaci zafin ciwo ne."

"Ta shiga shago ke nan ba ka sani ba."

"Da wace ƙafa?"

"Wataƙila wani ya kama ta."

"Kwana biyu kafin ta rasu na rubuta. A lokacin ta yi kwana goma sha ɗaya ba ta taka ƙasa ba. Kofi ma sai an riƙe mata. Uwarta ba ta tashi daga gefenta ba, kuma uwarta ba ta san ko harafi ɗaya ba. Shagon yana can ƙarshen layi. Makulli a wuyana, da shi nake wanka. Ranar rufewa ni na buɗe, na ɗauko murfin a kife, a kife na ɗora shi, don ba na son in sake ganin abin da na yi. Ba hannun da ya taɓa shi sai nawa."

"To yaya aka yi?"

"Ni ka tambaya?"

Kafinta ya dubi ƙananan haruffan nan. Ya dubi yadda fensirin ya ɗan kauce a kalmar ƙarshe. Tsoro ya kama shi, tsoro na gaske, wanda bai taɓa ji ba duk shekarun da ya yi yana auna gawa.

Baba ya juyo da fararen idanunsa daidai kan fuskarsa, kamar yana gani.

"Matarka kwana nawa ba ta taka ƙasa ba?"

"Mako uku."

"Wa ke wurinta?"

"Ƙanwarta."

"Shagonka kuma bango ɗaya ne tsakaninsa da ɗakinta."

"Na ce maka na kulle."

"Ni ma na kulle. Tashi ka tafi gida. Bar mini wannan a nan, yau da shi zan yini. In ka tarar ba ta gani ba, ka kankare. In ka tarar ta gani, kada ka yi irin tawa. Ka buɗe ido."

*

Mutumin da furfura ta fara fito masa bai kamata a gan shi yana gudu a titi da rana tsaka ba, amma Kafinta ya yi. Masu shaguna suna ce masa lafiya, bai amsa wa kowa ba. Takalminsa ɗaya ya tsinke a kwanar gida, ya bar shi a nan.

Ta tsakar gida ya shiga. Idonsa ya fara sauka a ƙofar shago. Kwaɗo yana nan a rufe yadda ya bar shi. Ya kama ya jijjiga, gam yake. Ya dafa bango yana haki, ya ce na gode, bai ma lura da wanda yake yi wa godiyar ba.

Ƙanwar matarsa ta leƙo daga ɗaki, da mafici a hannunta.

"Yaya, lafiya kake gudu? Ina takalminka?"

"Ta tashi?"

"Yanzun nan ta farka. Tun da ka fita take barci, wani irin barci mai nauyi, har sau biyu ina kai hannu hancinta."

"Kin fita kin bar ta?"

"Ko ruwa ban tashi sha ba. Me ya faru?"

"Ba komai."

Ya shiga. Ɗakin yana warin magani da sabulu. Mai Murya tana kwance yadda ya bar ta, ta rame har zoben aurensu sai da aka ɗaure mata shi da zare. Idanunta a buɗe, suna kansa tun daga bakin ƙofa.

"Maigida," ta ce. Muryar da ke cika coci ba lasifika, yanzu sai ka sunkuya kake jinta. "Zo nan."

Ya durƙusa a gefen gado.

"Ka samu ayar?"

Ƙaryar da ya saba ta zo har bakinsa. Saura kaɗan. Ya buɗe baki, ta riga shi.

"Na gaji," ta ce a hankali, tana rarrabe kalmomin kamar mai karatu. "Na saki hannunka."

Ƙanwar ta ce, "Yaya, hannun wa kika saki? Ga shi nan ai."

Kafinta ya ji makullin yana tokarinsa a cinya ta cikin aljihu. Ya kai hannu ya ja zanen da ya zame daga ƙafafunta don ya rufe mata, hannun ya tsaya a sama. Tafin ƙafarta biyu, da mako uku ba su taɓa ƙasa ba, duk garin katako ne, har tsakanin yatsu.

"Wa ya kai ki?" ya ce.

"Haba maigida. Shekara goma sha tara muna tare, wata uku kana motsa mini leɓe, ka zaci ban sani ba?"

"Ki yafe mini."

"Ban yi fushi ba. Ka gaji ne. Ni ma na gaji." Ta huta, ta tattara numfashi. "Ka bar wuri da yawa a ƙasa. Na sa nawa."

"Mai Murya, wa ya buɗe miki?"

"Je ka karanta. Da ƙarfi, yadda zan ji ta bango. Ina so in ji shi a bakinka tun kunnena yana aiki."

"Ba zan bar ki ba."

"Taku goma ne. Je ka."

Ya tashi. Bai san yadda ya tsallaka tsakar gidan ba. Sau uku makullin yana kauce wa ramin kwaɗo kafin ya shiga. Ya tura ƙofa.

Komai yana inda yake, zarto a ƙusarsa, guduma a kan tebur. Murfin ne kawai ba ya kallon bango. Yana tsaye yana kallon ƙofa, fensirinsa a ajiye a gindinsa. A sama ga nasa rubutun, manya-manya, ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. A ƙasa ga nata, irin wanda take rubuta sunayen waƙoƙi da shi a bayan ambulan.

Ya share ido da bayan hannu. Ya ɗaga murya yadda ta ce.

"To riƙe nawa. Ɗayan Shi ke riƙe da shi."

Ya saurara ko za ta amsa ta bango.

Muryar ƙanwar ce ta zo, ba da ihu ba, ƙasa-ƙasa, kamar mai tsoron tashin wani.

"Yaya, zo da sauri. Ta miƙo maka hannu, kuma ya fara sanyi."